Abin da Saani Ya Faɗa Mini a Matakalar Blarney

Litinin, 3 ga Afrilu, 2017, ƙarfe goma na safe

Wata mata a asibiti ce ta ba ni wannan littafi ranar da aka sallame ni. Ta ce in riƙa rubuta duk abin da ya zo mini a rai. Sati uku yana kan firij. Yau na sauko da shi don in rubuta lambar mai gyaran hita, sai na ga hannuna ya ƙi daina rubutu.

Sunana Tahiratu. Ban san wa nake gaya wa ba. Shekarata tara a unguwar Tompkinsville, tsallaken ruwa daga Manhattan, takwas daga ciki da auren Saani. Shi yana aikin kula da wani dogon gini a Manhattan, ni ina kula da tsofaffi a gidajensu, ko in ce ina yi kafin watan Maris. Kullum da safe yana dama mini koko ya rufe da faranti kafin ya ruga ya kama feri, jirgin ruwan da ke tsallakar da su. Koko ɗinsa gudaji ne zalla. Ina shanyewa saboda in ya dawo kofin yake fara dubawa.

Talata, 4 ga Afrilu, tsakar rana

Ƙofar ƙaramin ɗaki a rufe take. Haka nake so.

Alhamis, 6 ga Afrilu, bayan la'asar

Saani ya dawo da wata takarda mai hotuna a aljihun jaket. Shugabansa a wurin aiki, Mista Declan, ɗan ƙasar Ireland ne, dattijo mai jan fuska wanda ya taɓa zuwa gidanmu cin naman Sallah. Shi ya ba shi.

"Tahira, kalli nan. Wani tsohon gidan sarauta ne a garinsu, Blarney. Ya haura shekara ɗari biyar. A can ƙololuwarsa akwai wani dutse, wai duk wanda ya sumbace shi bakinsa zai buɗe, ya iya magana mai daɗi har ya sayar wa mai rijiya ruwa."

Na ce to.

"Kuma ba a tsaye ake yi ba. Sai ka kwanta rigingine, ka kama ƙarfe biyu, wani ya riƙe ka, ka sako kanka ƙasa ta wani rami. Kin ji mutane! Turawa da hankalinsu!"

Na ce to.

Ya ci gaba har ruwan shayinsa ya huce. Yawan matakala, launin ciyawa, 'yar'uwar Declan da ke da gida kusa da wurin. Saani da ma mai surutu ne, tun a Aboabo, unguwarsu a Kumasi, mahaifiyarsa take ce masa rediyo. Amma tun watan jiya surutun ya zama wani iri. Yana zuba kamar wanda ke tsoron in ya yi shiru wani abu zai shigo ɗakin.

Lahadi, 9 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Yaya Raudatu ta zo daga Bronx da tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, da shito, soyayyen yajinmu na gida, da mata uku na ƙungiyarmu. Sun zauna sun yi addu'a. Allah ya saka musu. Ɗaya ta ce, "Ke yarinya ce, Allah zai kawo wani." Ɗaya ta ce an yi wa ƙanwarta sau biyu, ga ta yanzu da huɗu.

Wani. Kamar kofi ne ya faɗi ya fashe.

Da suka tafi Yaya ta tsaya. Na ji tana buɗe kabad ɗin kicin, tana kwashe ƙananan kwalaben nan da na wanke na jera tun Fabrairu, tana zubawa a leda a hankali don kada su yi ƙara. Na bar ta ta ɗauka ban ji ba. Yadin ankon suna da mata suka riga suka yanka, shuɗi mai ɗigon zinariya, ban san yadda aka yi da shi ba, ban kuma tambaya ba.

Laraba, 12 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Mai ragon sunan nan na Pennsylvania ya kira, wanda aka yi wa magana tun farkon shekara. Na ga sunansa a wayar. Saani ya shige banɗaki ya kunna famfo. Ya daɗe. Da ya fito fuskarsa a jiƙe, ya ce, "Kin san wai har lambun tsire-tsire masu guba suke da shi a gidan sarautar nan? An sa wasu a keji kamar kuraye."

Na dube shi. Ya ɗauki jakarsa.

Juma'a, 14 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Wai har wurin Malam Gafaru na masallacinmu Saani ya je ya yi tambaya. A gaban mutane! Ya ce, "Malam, mene ne hukuncin mutum ya je ya ga dutsen da ake sumbata don a iya magana?"

Malam ya ce dutse ba ya ba kowa komai, ba ya hana kowa komai, wanda ya ƙudurta haka a zuciyarsa ya je ya kalli gini ya sha iska. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma kai Saani, in aka ƙara maka magana, mu ina za mu sa kanmu?"

Shi ya ba ni labarin da kansa, yana dariya yana satar kallona. Na so in yi masa dariyar. Wallahi na so. Ta zo har maƙogwaro ta koma.

Talata, 18 ga Afrilu, da hantsi

Yau arba'in. Ba wanda ya ce komai. Na yi wanka na canza zanen gado.

Alhamis, 20 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na yi abin da ban so ba.

Ya shigo yana cewa Declan ya ce kwanakin hutun da ya tara suna nan, ba wanda ya taɓa su, kuma farkon Mayu furanni suke fitowa a can. Na san dalilin da ya sa ya tara kwanakin nan. Shekara guda bai ɗauki ko rana ɗaya ba.

Na ce, "Saani, kai ba ka da wata magana a duniya sai ta dutse?"

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Na ce, "Kwana arba'in da biyu. Ka gaya mini tsawon gini, ka gaya mini launin shanun Ireland. Kai ka je maƙabarta, ni ban je ba. Kai ka gani, ni ban gani ba. Ko sau ɗaya ka buɗe baki?"

Ya ajiye takalmin a hankali. Ya ce, "Ki yi haƙuri." Ya shiga ya yi alwala.

Asabar, 22 ga Afrilu, tsakar rana

Gidan shiru. Ashe haka firij ke ƙara.

Litinin, 24 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Koko na nan a rufe da faranti. Takardar mai hotuna ta ɓace daga kan tebur. Na neme ta, na same ta a kwandon shara an ninke ta huɗu. Na ciro na goge.

Talata, 25 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Mista Declan ya kira ni. Ban san yana da lambata ba. Turancinsa sai na kasa kunne sosai nake kamawa.

Ya ce, "Madam, ki gafarce ni, ba shiga sharo ba shanu nake yi ba. Mijinki ya daina magana. Kwana huɗu ginin nan kamar maƙabarta." Sai na ji ya gane kalmar da ta fita daga bakinsa. Ya yi tari. Ya ce, "Kin san sati biyu ke nan ba ya hawa lif? Hawa goma sha biyu yake takawa da ƙafa, safe da yamma. Na tambaye shi, ya ce yana koyo ne, kada ya ba ki kunya a matakalar Blarney."

Saani, wanda ko tsani ya hau don canza ƙwan fitila sai ya karanta duk addu'ar da ya sani. Wanda in muna kan feri ba ya matsawa kusa da ƙarfen gefe.

Declan ya ce 'yar'uwarsa Nuala ta riga ta gyara ɗaki, kuma ba ta da yawan tambaya. Ya ce dutsen nan shi bai yarda da shi ba, ya sumbace shi yana ɗan shekara goma kuma har yau matarsa ke cin sa a gardama. "Amma wurin na da kyau, kuma ba wanda ya san ku a can."

Wannan ta ƙarshen ce ta shige ni.

Talata, ƙarfe bakwai saura

Da ya dawo na ce, "Ruwa ake yi a can kullum, ko? Sai ka nemo mana rigunan ruwa."

Ya dube ni ya dube ni. Sai ya ce, "Wane launi?"

Asabar, 29 ga Afrilu, da yamma

Yaya Raudatu ba ta so ba. "Wace irin tafiya ce wannan? In fita za ku yi ku je gida Kumasi mana, ko Umra. Ƙasar da ba ku da kowa?"

Na ce, "Yaya, shi ya sa."

Sai ta ce in zo in karɓi shito a ƙaramar kwalba, don ta ji abincinsu ba ya da yaji.

A feri da muke dawowa wata mata ta zauna kusa da ni da keken jariri. Saani ya miƙe ya tsaya tsakanina da su yana nuna mini jiragen ruwa, yana ƙirƙiro musu sunaye. Ya ɗauka ban gane ba.

Alhamis, 4 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma, gidan Nuala

Mun iso. Jirgi, sannan bas, sannan Nuala a wata ƙaramar mota mai warin kare. Tsohuwa ce siririya, fuskarta irin ta Declan amma ba ja. Ta nuna mana ɗaki, ta nuna mana gabas da kanta, wai ta duba tun jiya. Ta dafa kifi da dankali don ɗan'uwanta ya gaya mata abin da ba ma ci.

Kore ko'ina. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, har ido na gajiya.

Juma'a, 5 ga Mayu, da hantsi

Ruwa. Saani ya fita da rigarsa ruwan ɗorawa ya je kallon shanu. Ni da Nuala muka zauna a kicin, tana murza fulawa ina yanka mata tuffa. Awa guda ba ta tambaye ni komai ba. Da na ba ta shito ta ɗanɗana, ta yi hawaye ta sha ruwa kofi biyu, sannan ta sake miƙo cokali.

Asabar, 6 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Mun isa da safe. Ginin ya fi yadda yake a hoto tsawo, toka-toka, a kan wani dutse, hankaki na shawagi a samansa. Layi tun daga ƙasa. Amurkawa, 'yan Indiya, wasu tsofaffi masu huluna iri ɗaya. Saani ya ɗaga kai ya kalli ƙololuwar.

Na ce, "In ba za ka iya ba mu zauna a lambu."

Ya ce, "Hawa goma sha biyu nake yi."

Matakalar a murɗe take kamar dodon koɗi, ƙunci gare ta, mutum ɗaya kawai take ɗauka. Duwatsun sun sule saboda ƙafafun mutane. Akwai igiya mai kauri da ake riƙewa. Ni ce a gaba, shi a bayana. Sai a hau taki uku a tsaya, a hau biyu a tsaya. Ba ka ganin kowa sai bayan wanda ke gabanka.

Muna tsakiya layin ya tsaya cik. Wai wani a sama ya tsorata ana lallashinsa. Ga duhu, ga sanyi, ga ɗan siririn taga da iska ke shigowa. Ina jin numfashin Saani a bayana.

Sai na ji ya ce, da Hausa, a hankali, "Tana da gashi."

Ban juya ba. Ko na so, wurin ba zai bari ba.

"Baƙi ƙirin, a kwance, har goshi. Ban taɓa ganin jaririya da gashi haka ba. Kunnuwanta naki ne, ƙanana, na dama ya ɗan lanƙwasa a sama. Yatsun ƙafa nawa ne, Allah sarki, dogaye marasa kyau."

Na riƙe igiyar da hannu biyu.

"Da kika juya fuskarki bango kika ce a tafi da ita, nas ta kai ni wani ɗaki ta miƙo mini ita. Na riƙe ta kusan awa ɗaya. Ba ta da nauyi, Tahira, amma hannuna ya yi kwana uku yana ciwo. Na ce in na gaya miki zan ƙara miki. Kullum in na buɗe baki zan faɗa, sai in ga idonki, sai in kama wata maganar."

Matar da ke gabana, wata Ba'amurkiya mai jar jaka, ta waiwayo ta ce ko ina lafiya, ko tsayin ne. Na ce mata eh, tsayin ne. Ta ba ni alewar minti.

Na ce, ban juya ba, "Ka sa mata suna?"

"Na sa. Kafin mu sa ta a ƙasa na raɗa mata. Rafi'atu."

Sunan mahaifiyata. Ba mu taɓa yin shawarar ba. Na ɗauka ni kaɗai na riƙe shi a raina.

Ya dafa bayana da goshinsa, nan tsakanin kafaɗuna, na ji rigar ruwan tana rawa. Muka tsaya haka, mutum sama da hamsin a sama da ƙasa, ba wanda ya san abin da ake ciki. Na ce, "Faɗa mini kuma." Ya sake faɗa tun daga gashin. Ya gaya mini farin ƙyallen da aka naɗe ta, da yadda Malam Gafaru ya karɓe ta daga hannunsa don ya kasa sakinta, da cewa ranar an yi rana bayan kwana biyu ana ruwa. Layi ya motsa. Muka hau.

A sama iska kamar za ta ɗauke mutum. Ana ganin kogi da gonaki har iyakar ido. Saani ya manne da bango yana tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Da muka zo wurin, ga wani dattijo zaune a bakin ramin, ga tabarmar roba, ga ƙarafa biyu. Saani ya leƙa ya hango ƙasa ta tsakanin sandunan da aka gitta, ya ce, "Inna lillahi. Tahira, ni na gama maganata, ba na buƙata."

Ni ce na kwanta. Ban san abin da ya sa ba. Na ɗaure ɗankwalina tam, na kama ƙarafan, dattijon ya riƙe ni yana cewa in ƙara sakowa, in ƙara. Duniya ta juye, bishiyoyi a sama, sararin sama a ƙasa. Dutsen baƙi ne, sumul, yana sheƙi. Ban sa bakina ba. Bakin mutum dubu nawa! Na dai kai hancina kusa, na ji warin ruwan sama da maganin goge-goge. Sai na ji an damƙe idon sawuna da ƙarfi. Saani ne, ya rarrafo a gwiwa, ido a rufe, ya riƙe ni yana salati da babbar murya.

Dattijon ya ce masa, "Maigida, shekara goma sha ɗaya ina nan, ban taɓa yar da matar kowa ba."

Dariya ta kama ni a nan, kaina a ƙasa. Na yi ta har sai da aka jawo ni, na zauna ina yi, hawaye na zuba, ban san wanne ne wanne ba.

Lahadi, 7 ga Mayu, da safe

Rafi'atu. Na rubuta don in ga yadda yake a takarda.

Alhamis, 11 ga Mayu, bayan azahar, gida

Mun dawo jiya. Yaya ta zo ta ga hoton da aka ɗauke ni a kwance, ta ce, "Wannan abin kuka ƙetare teku ku yi?" Ta nemi in tura mata a waya.

Da ta tafi na ce wa Saani ina so ya kai ni. Bai tambaye ni ina ba. Ya ce Asabar.

Asabar, 13 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

A New Jersey ne, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu. Ya ari motar abokinsa. Duk hanya bai kunna rediyo ba, bai kuma yi surutu ba, hannunsa ɗaya a kan nawa sai in zai canza hanya.

A bakin ƙofar maƙabartar akwai mai gadi, wani dattijo Bafalasɗine. Yana ganin Saani ya ce, "Ɗan'uwa, yau Asabar ce fa, ka ɓata lissafi? Gobe Lahadi nake sa ranka, kamar kowane mako." Sai ya hango ni, ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai.

Na dubi Saani. Ya ce, "Bas biyu ne da ɗan tafiya. Ba wuya."

Ɓangaren yara yana can ƙarshe kusa da shinge. Wurinta bai kai tsawon hannuna ba. Ciyawa ta fara fitowa, an zagaye shi da fararen tsakuwa, an jera su da kyau. A kan ɗan allon akwai lamba, a ƙarƙashin lambar kuma rubutun Saani ne da baƙin fenti, wannan karkataccen rubutun nasa.

Ya yi addu'a, na shafa. Sannan ya ce bari ya ɗebo ruwa a famfo, ya ɗauki galan ya tafi, ya yi ta tafiya a hankali, famfon ma da ke kusa ya wuce shi ya nufi na nesa.

Na zauna a ƙasa. Na ɗora tafina a kan wurin, rana ta ɗumama shi.

Na ce, "Rafi'atu, ni ce. Mamanki. Na yi latti, ki yi haƙuri. An ce kunnuwana gare ki."

Na daɗe ina yi mata hira. Da Saani ya dawo da ruwan, na matsa masa ya zauna.